Ɗan Caca da Ɗan Kasuwa: Ina Bambancinsu?

Ƙofar Mazugal tana cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Wambai. A nan kusa da ita babbar mayankar birni take, inda ake yanka shanu da raƙuma da awaki tun da asuba. Wuri ne na masu neman halali da gumin goshinsu: mahauta, da dillalan dabbobi, da masu sayen fata, da 'yan dako. Amma duk inda kuɗi ke juyawa, caca ba ta nisa. A zamanin da, da wuri ake yinta a lungu. Daga baya karta ta zo. Yau kuwa ta shige cikin wayar hannu, ta yadda saurayi zai zauna a zauren ubansa yana caca da mutumin da ke Ingila ko Indiya, ba wanda ya ji motsinsa.

Mafi yawan cacar da samari suka sani ita ce ta ƙwallon ƙafa. Akwai kuma wata ta karta, wadda Turawa ke kira poka, da ake gasarta a intanet. Ita ce ta fi wuyar hukunci, gama masu yinta suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sukan ce wannan ba wasan sa'a ba ne, wasan gwaninta ne, na lissafi da haƙuri da karantar abokin gaba. Sukan ƙara da cewa ai ɗan kasuwa ma kasada yake yi: dillali ya sayi sa yau, gobe farashi ya faɗi, ya yi hasara, ba wanda ya kira shi ɗan caca. To, in haka ne, ina bambancin?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda gasar take. Kowane mai shiga yakan biya kuɗin zubi daidai da na kowa, a ba shi ƙwayoyin wasa daidai da na kowa. Wanda ƙwayoyinsa suka ƙare ya fita. Haka za a yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har dare ya raba, sai mutum guda ya tattara duka. Kuɗin da aka tara kuwa ba a raba wa kowa. A bisa al'ada, mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne kaɗai ke samun wani abu, kuma kaso mai tsoka na 'yan ƙalilan ɗin da suka kai teburin ƙarshe ne.

Ba a musun cewa akwai gwaninta a ciki. Wanda ya iya lissafi ya fi wanda bai iya ba, in aka daɗe ana yi. Amma ko gwanin gwanaye, yawancin gasar da ya shiga faɗuwa yake yi, yana iya yin watanni bai ga riba ba, domin katin da zai fito ba a hannunsa yake ba. Wannan shi ne hawa da saukar da 'yan wasan ke ba da labari.

Labarin hawa shi ne wanda ya fi yawo. A shekarar 2003 wani akawun lissafi mai suna Chris Moneymaker, mutumin jihar Tenesi ta Amurka, ya shiga wata ƙaramar gasa a dandalin PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Ya ci, aka ba shi kujera a babbar gasar duniya da ake yi a birnin Las Vegas, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne. Mutum 839 suka shiga, ya kayar da su duka, ya tafi gida da dala miliyan biyu da rabi. Da labarin ya bazu, sai kowane akawu ya ga kansa a madubi. A shekarar 2006 masu shiga wannan gasa sun kai 8,773.

Labarin sauka kuwa ba a cika ba da shi ba. Stu Ungar, wanda masana wasan da yawa ke cewa ba a yi gwani kamarsa ba, ya ci wannan babbar gasa har sau uku, a 1980 da 1981 da 1997. A cin ƙarshe dala miliyan ɗaya aka ba da. Cikin shekarar 1998 aka tarar da gawarsa a wani ɗakin haya mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, ba shi da gida, ba shi da dukiya. Wasu cacace-cacace da miyagun ƙwayoyi sun cinye duk abin da karta ta kawo masa. Ashe gwanintar da ta iya mallakar tebur ba ta iya mallakar zuciyar mai ita ba.

Yanzu sai wanda ya koyi ƙidaya a ajin yaƙi da jahilci ya ɗauki alƙalami. A misalta mutum 1,000 suka shiga gasa, kowa ya biya naira 1,100. Daga ciki 1,000 ta shiga tukunya, 100 kuwa la'adar mai dandali ce. Watau an tara naira 1,100,000, amma abin da za a raba 1,000,000 ne. Mutum kamar 150 su samu, 850 su tashi hannu rabbana. In aka haɗa 'yan wasan nan duka wuri ɗaya, sun shiga da fiye da abin da suka fita da shi. Gobe su sāke, mai dandali ya sāke ɗaukar nasa. Shi kaɗai ne ba ya hawa ba ya sauka.

A nan ne bambancin ɗan kasuwa da ɗan caca ya bayyana. Mahaucin Ƙofar Mazugal ya sayi sa, ya yanka, ya feɗe, ya kasa. Makiyayi ya sami kuɗi, mai gida ya sami naman miya, majemi ya sami fata, ɗan dako ya sami ladansa. In mahauci ya ci riba, ba wanda ya yi kuka dominta. In ya faɗi, naman dai ya shiga cikin mutane. Kasadarsa biye take da aiki, ba ita ce aikin ba. Amma a teburin caca ba a shuka ba, ba a saƙa ba, ba a ɗauki kaya daga wani gari zuwa wani ba. Kowace naira da ta shiga aljihun mai ci daga aljihun mai faɗuwa ta fito. Gwanintar ma, in aka duba, ba ta da wani amfani sai in akwai wanda bai iya ba a teburin. Abincin gwani shi ne sabon shiga, da mai fushi, da wanda barci ya kama, da wanda ya zo neman mayar da abin da ya rasa jiya. Sana'ar da ba ta rayuwa sai da raunin ɗan'uwa, ko da an yi ta da basira, ba ta zama fatauci ba.

Larabawan jahiliyya suna da tasu cacar, wadda ake kira maisir. Sukan yanka raƙumi, su jefa kibau goma, bakwai masu rabo, uku marasa rabo. Waɗanda kibansu suka fito wayam su ke biyan kuɗin raƙumin. Sau da yawa masu ci sukan ba matalauta naman, su yi alfahari da kyauta. Duk da haka Alƙur'ani, a Suratul Baƙara aya ta 219, ya nuna cewa ko da akwai ɗan amfani a ciki, laifin ya rinjaye shi. A Suratul Ma'ida kuma, aya ta 90 da 91, aka haɗa ta da giya aka hana, aka bayyana dalili, watau ƙiyayya tsakanin mutane da shagala daga ambaton Allah da salla. In cacar da ke ciyar da miskinai ba ta tsira ba, yaya wadda ke ciyar da mai dandali a ƙetaren teku?

Haɗa ta da giya kuwa ba banza ba ne. Ranar da ɗan caca ya ci, albashin wata ya zama abin raini a idonsa. Ranar da ya faɗi, sai zuciya ta ce masa sau ɗaya ya rage. Daga kuɗin aljihu sai jarin shago, daga jari sai kuɗin adashin uwa, daga nan sai ajiyar da aka ba shi amana. Garin neman gira a rasa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ke bukatar magani.

Ko wanda ya ci bai tsira ba, domin kuɗinsa a hannun wanda bai taɓa gani ba suke. Ranar 15 ga Afrilu, 2011, hukumomin Amurka suka rufe wa mutanen ƙasarsu manyan dandalolin poka guda uku. Da aka bincika ɗaya daga ciki, Full Tilt Poker, masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa suna binsa wajen dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Wasu sai da suka yi shekaru suna jira kafin a biya su.

A Kano shari'a ta hana caca, kuma a shekarar 2024 'yan Hisba sun rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Shago yana da ƙofar da za a sa wa kwaɗo, amma wayar da ke aljihu ba ta da ita. Saboda haka tsaron ya koma wuyan mutum da kansa, da iyaye, da malaman unguwa. Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta hana shi gaya wa wani babba da ya yarda da shi, ya danƙa masa riƙon kuɗinsa har zuciyarsa ta kwanta, gama abin da aka rasa ba ya dawowa ta hanyar da ya tafi. Saurayin da Allah ya ba kaifin lissafi da haƙurin zaman sa'a shida yana lura da abokin gaba, lalle yana da jarin da kasuwar Kurmi da Kantin Kwari ke nema. Allah ya ba kowa halalinsa, ya sa masa albarka a ciki, amin.