Wasiƙar talla da amanar gari

A Ingila da Amurka, marubuci ba ya cika kai littafinsa kai tsaye ga kamfanin ɗab'i. Yakan fara rubuta wa dillalin adabi wasiƙa mai shafi ɗaya, ya faɗi sunan littafin, da tsawonsa, da jigonsa, da ko shi wane ne. Idan dillali ya gamsu, sai ya nema wa littafin mai saye, ya ɗauki la'adarsa, galibi kashi 15 cikin ɗari. Wannan wasiƙa talla ce, kuma duk mai talla akwai tambayar da ke jiransa: ina gyaran haja ya tsaya, ina ha'inci ya fara?

A ƙaddara wata malamar makaranta a Akokan ta rubuta ƙagaggen labarin bincike, irin mai taushin nan da ba a zubar da jini a gaban mai karatu, wanda Agatha Christie ta yi fice a kansa. Littafinta na farko a kan Miss Marple ya fito a 1930. A labarin malamar, kuɗin adashen matan unguwa ne suka ɓace, wata tsohuwa mai sayar da fura ta gano wanda ya ɗauka, da hira da lura kaɗai.

Da ta zo rubuta wasiƙa, ta san abin da duniya ta sani game da yankinta. An kafa Arlit a 1969 saboda yuraniyom, kamfanin Somaïr ya soma haƙa a 1971. A watan Satumba na 2010 aka sace mutum bakwai a garin, a watan Mayu na 2013 aka kai wa mahaƙar hari. Fim ɗin Idrissou Mora-Kpai da na Amina Weira sun nuna ƙura da cuta. In ta jera waɗannan a layin farko, ba shakka dillali zai gyara zama. Sai dai babu ko ɗaya cikin littafin.

Laifi biyu ke nan. Na farko, ta yaudari dillali, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, domin zai buɗe littafin ya iske fura da adashe. Na biyu ya fi nauyi: ta mai da ciwon maƙwabtanta ƙugiyar kamun kasuwa, alhali ba su ba ta izini ba. Mutumin da duniya ba ta san shi da kome ba sai masifarsa, an rage masa mutunci, ko da tausayi aka yi nufi.

Wani zai ce: ashe shiru ma ba ƙarya ba ce? Wannan magana tana da ƙarfi. Wanda ya siffanta Akokan kamar wani ƙauyen Ingila mai furanni, shi ma ya ci amana. An rufe mahaƙar Cominak a ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki. A gari irin wannan, kuɗin adashe su ne jarin ƴar sana'a da kuɗin magani, kuma ɓacewarsu ba abin wasa ba ce. Wannan gaskiya tana cikin ƙashin labarin, don haka haƙƙinta ne ta shiga wasiƙa.

Ma'aunin dai shi ne: duk abin da aka faɗa a wasiƙa ya kasance yana cikin littafi, da nauyin da yake da shi a can, ba ƙari ba ragi. Rufe mahaƙa ya shiga, tunda shi ya sa kuɗin suka yi daraja. Satar mutane ta tsaya waje, tunda ba ta taɓa tsohuwar ba.

Mai yiwuwa dillali ya ƙi irin wannan wasiƙa, kuma wannan hasara ce ta gaske ga wadda ta yi shekaru tana rubutu. Amma dillali sau ɗaya zai karanta ya wuce. Matan adashe kuwa, da su malamar za ta ci gaba da gaisawa kowace safiya.