In Ka Saki Ɓera, Gidan Wa Zai Shiga?

A bakin kogin Shuɗin Nilu, a ƙasar Sudan, akwai garin Suki da ƙauyukan Hausawa a kewayensa. Kakannin waɗansu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗansu kuma hanyar Makka ce ta kai su. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, filin Jazira ya zama gonakin ban ruwa, gona tana manne da gona. Inda dawa da gyaɗa suka yi albarka kuwa, ɓera ba ya jiran gayyata.

A ce wani yaro a can ya kifa kwano, ya tokare shi da tsinke, ya sa gyaɗa a ƙarƙashi. Da safe ya tarar da ɓera a ciki da ransa. Ya ce, “Baba, kada mu kashe shi. Bari in kai shi waje in sake shi.” Uban ya ce, “Ɗana, wane waje? Gabas gonar kawunka ce, yamma kuma rumbun maƙwabcinmu.”

Ya ɗan'uwa mai karatu, wa ke da gaskiya a cikinsu?

Yaron yana da gaskiyarsa. Allah ne ya halicci ɓera, ya ba shi jiki mai jin zafi da tsoro. Ɓera ba ya sata don mugunta, cikinsa yake bi. Wanda ya saba da azabtar da ƙaramar halitta, zuciyarsa ce take taurarewa. Dubi tarkon danƙo, inda ɓera yakan manne, ya yi ta fama har ƙishi da gajiya su kashe shi. Saboda irin wannan azaba, tun 2024 dokar Ingila ta hana mutum amfani da shi sai da izini. Shinkafar ɓera ma ba ta zaɓe. Takan kashe kaza, da kyanwar da ta ci mushen, wani lokaci har da yaro mai rarrafe.

Amma uban ma yana da tasa gaskiyar. Cikin ɓerar gida kwana 20 ne kawai, kuma takan haihu sau da yawa a shekara. Ɓeran da aka saki kusa, yakan komo. Wanda aka kai nesa, ko dai ya faɗa gidan wani, ko yunwa da mujiya su gama da shi a wurin da bai sani ba. Ga kuma cuta. Mu na Nijeriya mun san zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, bayan ya kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan. Wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a cikin abinci. Ashe sakin ɓera yana iya zama hanyar wanke hannunka kawai, ka ɗora wa maƙwabci kayan da ka sauke. Tausayin da ke faranta maka rai, ya bar wani da asara, bai cika ba tukuna.

To, mene ne abin yi? Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke kiransa da tuwon da aka bari a buɗe, da tsabar da ta zube, da shara a bayan ɗaki. Ɓeran gida yana iya kutsawa ta kafar da ba ta fi kaurin fensir ba. Don haka jinƙai na fari shi ne a toshe kafofi, a rufe tukwane, a sa hatsi cikin ganga mai murfi, a nome ciyawa kewaye da rumbu. Ɓeran da bai shigo ba, ba ya bukatar kisa, ba ya bukatar saki.

In kuwa ka kama shi da rai, kada ka bar shi ya yini a cikin tarko yana haƙi. In akwai daji na ainihi, nesa da gidaje da gonaki, ka kai shi da wuri, kada kuma ka taɓa shi da hannu. In babu, kamar a filin Jazira, ka kashe shi nan take, ba da wuta ba, ba da ruwan zafi ba, ba kuma a gaban yara suna shewa ba.

Allah ya ba mu riƙon halittunsa, ya kuma umurce mu mu ƙaunaci maƙwabcinmu. Kada mu cika ɗaya ta wurin karya ɗayan. Kafin ka ɗaga kwanon nan, ka tambayi kanka gidan wa ɓeran zai kwana yau.