Gurbin "Ban Sani Ba" a Jarrabawar Kwamfuta

Duk shekara idan JAMB ta buɗe rajista, shagunan koyon kwamfuta da azuzuwan lesin na Potiskum sukan cika da 'yan aji shida na sakandare. Akwai nasihar da kusan kowane malami ke yi musu ana gobe jarrabawa, kuma da zuciya ɗaya yake yin ta: "Kada ku bar tambaya ko ɗaya babu amsa. Wadda kuka sani ku amsa, wadda ba ku sani ba ku canka, ai ba a rage maki." Malamin bai yi ƙarya ba, haka dokar take. Sai dai nasihar tana koya wa yaro wani abu game da ilimi shi kansa, kuma abin ya ci karo da tarbiyyar da malaman wannan ƙasa suka gada.

A 2013 JAMB ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta, a 2015 ta rufe babin takarda da fensir. Daga nan salon ya gangaro cikin aji. Tun 2016 manhajar Google Forms ta ba kowa damar haɗa gwajin da ke yi wa kansa maki, kuma wayar hannu ta isa. Malamin kimiyya yakan zauna bayan sallar isha'i ya rubuta tambaya ashirin, kowace da zaɓi huɗu, ya nuna wa manhajar amsar da ke daidai, ya yanka maki, ya tura mahaɗin a zauren WhatsApp na ajinsa. Kafin ya shiga aji washegari, sakamakon duk wanda ya samu data da caji yana jere a wayarsa, har da zanen da ke nuna tambayar da ta fi kayar da yara.

Wanda ya taɓa kwana a kan tulin takardun aji mai ɗalibi sama da ɗari ba zai raina wannan ba. Na'ura ba ta gajiya a takarda ta tamanin, ba ta san ɗan wane ba, ba a yi mata kamun ƙafa. Ɗiyar mai tura ruwa da ɗan mai tireloli goma ma'auni ɗaya take auna su da shi. Wannan adalci ne na gaske, kuma duk mai kishin talaka ya kamata ya yi maraba da shi.

Matsalar tana cikin lissafi. Tambayoyin JAMB 180 ne, maki 400, kowace tambaya da zaɓi huɗu. Wanda bai karanta ko layi ɗaya ba, ya zauna yana latsa harafin da hannunsa ya faɗa a kai, a matsakaici zai dace da kashi ɗaya cikin huɗu, wato wajen maki 100 a lissafi mai sauƙi. A 2025 kuwa, mafi ƙarancin makin da aka tsayar a matakin ƙasa don shiga kwalejojin ilimi da na fasaha shi ne 100, na jami'o'i 150, kodayake kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata. Potiskum, garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, wadda ke yaye malaman da za su riƙe azuzuwan Yobe da maƙwabta, bai kamata wannan lissafi ya wuce shi haka nan ba. Shi kuma yaron da ya ji nauyin latsa abin da bai sani ba, ya bar gurbin fayau, sifiri zai kwasa. Tsarin yana biyan mai canke, yana cin tarar mai gaskiya.

A zaurukan karatu na Potiskum, inda ake biya Ahalari da Ishmawi da Risala, da wuya ɗalibi ya daɗe bai ji labarin Imamu Malik ba, limamin Madina wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. An ruwaito cewa an taɓa yi masa tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. An kuma ruwaito labarin mutumin da ya yi tafiyar watanni da tambayar mutanen garinsu, Malik ya ce masa bai da amsarta, ya koma ya gaya musu hakan. Malamai suna ba da waɗannan labarai a matsayin shaidar girmansa. Da a manhajar malamin kimiyya aka zuba tambayoyin nan 48, da sakamakon ya fito kashi 33 cikin ɗari, wanda a takardar WAEC faɗuwa ce. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mutum bibiyar abin da ba shi da ilimi a kansa, aya ta 32 a Baƙara kuma ta nuna mala'iku suna amsa iyakar saninsu. Yaro ɗaya ne yake jin wannan da asuba a gaban alaramma, sannan da hantsi a ce masa ya canka.

Akwai masu ganin an cika zurfafawa. Hujjarsu ita ce canke a jarrabawa ba ƙarya ba ce, domin mai tambaya da mai amsa duk sun san ƙa'idar wasan, babu wanda aka yaudara. Sukan ƙara da cewa ɗalibin da ya kore zaɓi biyu da hujja, ya rinjayar da ɗaya cikin biyun da suka rage, ƙoƙari ya yi irin na mai neman alƙibla a daji. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma babu dalilin ɗora wa yaro zunubi don ya bi dokar da ba shi ya kafa ba. Amma misalin alƙiblar shi ne yake tona inda gizo ke saƙa. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe matakan sani: akwai yaƙini, akwai zato mai rinjaye, akwai shakka inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, akwai wahami. Kowane da hukuncinsa. Wanda ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, ba a ce masa ya zaɓi wadda ransa ya so; a kan abin da ya tabbatar zai yi gini, ya ciko, ya yi sujada ba'adi. Wato tun yana ƙarami ake horar da musulmi ya san matsayin saninsa, ya bambance "na tabbata" da "ina zato". Gwajin zaɓi huɗu yana haɗe matakan nan duka ya mayar da su latsawa ɗaya. Wanda ya sani, da wanda ya yi zato, da wanda ya rufe ido ya dangwala, duk koren maki ɗaya suke gani.

A tsangaya abin ba haka yake ba. Gardi ya rubuta satunsa da ka a allo, ya kawo darasu, alarammomi sun kewaye shi, yana karantawa ana bin rubutun harafi da wasali. Kunnen gwani yana kama inda murya ta yi rawa ko da kalmar ta fita daidai, sai ya ɗaga kai ya ce, "Maimaita." A musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, kuskure ma hawa-hawa ne: wanda aka kaɗa wa ƙararrawa ya gyara da kansa, abin da za a rage masa bai kai na wanda sai da alƙali ya buɗe masa ba. Wannan awo ne mai ganin tsakanin fari da baƙi.

Abin damuwar shi ne ɗabi'a ba ta tsayawa a ɗakin jarrabawa. Wanda ya shekara shida ana saka masa da maki duk lokacin da ya amsa abin da bai sani ba, gobe shi ne yaron kemis da uwa za ta kawo wa jariri da zazzaɓi, shi ne mai ba makiyayi allurar shanu a bakin kasuwar dabbobi, shi ne makanikin da direban tirela zai tambaya ko burki zai kai shi Legas. Shi ne kuma matashin da za a jefa wa tambayar gado ko ta saki a Facebook ya ji kunyar cewa a tambayi na gaba.

Na'urar dai ba ta da laifi, abin da aka ɗora mata take saukewa. Ranar 14 ga Mayu 2025, shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya amsa cewa kuskure wajen saita na'ura ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Kwamfutocin sun fitar da makin kuskure ba tare da wata alamar shakka ba, sai da ɗan Adam ya ɗauki nauyin.

Tunda mutum ne ya kafa dokar, mutum na iya sauya ta, kuma an riga an gwada. A kwalejin UCL ta Landan, Tony Gardner-Medwin ya ɓullo da tsarin da ɗaliban likitanci ke faɗin ƙarfin tabbacinsu bayan kowace amsa, tsarin da yanzu yake cikin manhajar Moodle. Wanda ya ce tabbacinsa kaɗan ne, in ya dace maki 1, in ya kuskure ba a cire komai. Wanda ya ce ya tabbata sarai, in ya dace maki 3, in ya kuskure a zabtare masa 6. Dabarar cin wannan gwaji ita ce faɗin gaskiya game da abin da ke cikin kai, kuma ba abin mamaki ba ne da aka fara shi da masu shirin riƙe rayukan mutane.

Malamin Potiskum ba shi da ikon taɓa dokar JAMB, kuma zalunci ne ya hana ɗalibansa canke a ranar da takwarorinsu na ko'ina ke yi. Gwajin mako-mako na ajinsa kuwa nasa ne. Yana iya ƙara zaɓi na biyar a kowace tambaya, "ban sani ba", ya sauke sakamakon a jadawali, ya bar mai wannan amsa a sifiri, ya rage rabin maki ga amsar kuskure, ya kuma bayyana wa yara dokar tun farko. Ribar farko shi za ta dawo wa. A tsohon tsari, in rubu'in aji suka ci wata tambaya, ba ya iya sanin ko sun gane ko sa'a ce. A sabon, in ya ga rabin aji sun latsa "ban sani ba" a tambaya ta bakwai, ya san darasin da zai maimaita ranar Litinin. WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta da ɗalibai masu zaman kansu a 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO gaba ɗaya kan wannan hanya, don haka gwaje-gwajen cikin aji za su ƙara yawa ne a makarantun Yobe, kuma malaman da ke haɗa su da daddare su ne za su yanke ko zaɓi huɗu za a sa ko biyar.