Kallon Taurari da Haƙƙin Mai Yunwa

A 2014 wasu ƙasashen Turai suka soma aikin gina katafaren madubin hangen taurari a bisa dutsen Armazones, cikin hamadar Atakama ta ƙasar Cile. Faɗinsa mita 39, an tsara shi da ƙananan madubai 798, kuɗinsa kuwa ya haura Yuro biliyan 1. Manomin auduga a Funtua wanda taki ya fi ƙarfinsa yana da ikon tambaya: daidai ne a zuba dukiya haka domin kallon sama, ga rumbuna wayam a ƙasa?

Tambayar tana da nauyi, bai kamata mai ƙoshi ya rena ta ba. Amma mu tuna kakanninmu ba su ɗauki kallon sama aikin banza ba. Sun san Kaza da 'Ya'yanta, Gamzaki kuma yakan shaida musu gari ya kusa wayewa. Ubangiji ya halicci mutum da ciki, ya kuma ba shi hankali mai neman sani.

Ikilisiya ma ta daɗe a wannan aiki. Da taimakon masana taurari Paparoma Giregori na 13 ya gyara kalanda a 1582, wadda muke ƙirga watannin shuka da ita har yau. Paparoma Liyo na 13 ya sake kafa gidan nazarin taurari na Vatikan a 1891, a 1993 kuma aka keɓe madubinsa mai faɗin mita 1.8 a dutsen Graham, a Amurka. Firist ne, Fada Georges Lemaître, ya bayyana a 1927 cewa sararin samaniya yana ta buɗewa.

To, ina haƙƙin mai yunwa? Masu ginin za su ba da lissafi in iliminsu ya haifi girman kai, ko suka hana shi ga matalauta. Mu ma akwai namu lissafin. Wanda ya ɓoye masara har damina domin ta yi tsada, da mai tauye mudu a kasuwa, sun fi madubin Cile kusa da yunwar maƙwabcinsu.

Saboda haka, kada mu cire yaro daga makaranta domin noma ko talla. Mu buɗe rumbu ga gwauruwa da maraya. In dare ya yi a Malumfashi, mu fita da 'ya'yanmu mu nuna musu taurari da sunayensu, mu yi godiya ga Mahaliccinsu.