Ko Daidai Ne A Ɗaure Tsoho Domin Kada Ya Faɗi?

A gidajen jinyar tsofaffi na Amurka, a dā akan ɗaure tsoho a kujera ko a gado domin kada ya faɗi. Masu jinyar ba mugaye ba ne, tsoron karayar ƙugu ne ya sa su. Amma ƙafar da ba ta tafiya takan raunana, jiki ya yi gyambo saboda zama, waɗansu ma ɗaurin ya shaƙe su har suka mutu. A shekarar 1987 doka ta hana ɗaure mutum domin horo ko domin sauƙin ma'aikata.

Lalle wanda aka kwance yana iya faɗuwa. Sai dai nauyin ya koma kan mai jinya: ya rage tsayin gado, ya share hanya, ya riƙe hannun tsohon zuwa bayan gida ko da tsakar dare ne.