Haƙurin da Bai Ci Nasara Ba

Wani maƙwabcina ɗan ƙabilar Fashtun, wanda muke sahu ɗaya a masallaci, shi ya fara ba ni labarin Abdul Gaffar Khan. A 1929 ya kafa rundunar Khudai Khidmatgar, wato masu yi wa Allah hidima, cikin al'ummar da ɗaukar fansa gado ne a wurinta. Sharaɗin shiga shi ne ka rantse ba za ka rama ba. A Afrilun 1930 sojojin Ingila suka buɗe musu wuta a wata kasuwa a Peshawar, suka tsaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bawan Allahn nan bai samu abin da ya nema ba. Ya ƙi a raba Indiya, aka raba ta a 1947, Pakistan kuma ta ɗaure shi shekara da shekaru. To, haƙurin da bai biya buƙata ba, asara ne?

Na daɗe ina ganin haka. Amma a 2018, da matasan Fashtun suka tashi neman 'yan'uwansu da aka ɓatar, ba bindiga suka ɗauka ba. Islamabad suka nufa, suka yi zaman dirshan. Maƙwabcina ya ce kakansa ɗan rundunar ne. Ɗan ƙanensa kuwa da shi aka kwana a wancan zama.