Ko Tausayi Abin Saye Ne? Tambaya Daga Ɗakin Haihuwa na Indiya

A manyan biranen Indiya irin su Mumbai da Delhi akwai wata sana'a da ta fara tashe a tsakanin masu hannu da shuni. Mace mai ciki takan ɗauki wata mace haya don ta zauna da ita tun farkon naƙuda har ta sauka. Wannan mace ba likita ba ce, ba ta allura, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta riƙe hannu, da tausa, da ba da ruwa, da kwantar da hankali. Sunan da ake kiranta da shi dula. Wasu daga cikinsu sukan haɗa da kulawar jego bisa tsarin Ayurbeda, watau tsohon ilmin magani na Indiya. Tambayar da nake so mu tauna ita ce, ya halatta a sa wa irin wannan aiki farashi, ko kuwa da zarar kuɗi ya shiga tausayin ya tashi daga tausayi?

Bari mu fara da abin da magabatan Indiya suka sani. Ayurbeda ta ɗauki lafiya a matsayin daidaito tsakanin ɗabi'u uku na jiki, bata da pita da kafa, ta kuma ɗauki mai jego a matsayin wadda jikinta ya zama fanko, iska ta sami wurin shiga. Littafin Charaka Samhita, wanda ya kusa shekara 2,000, ya yi umarni a tanadi ɗakin haihuwa na musamman kafin wata na tara. Ya kuma bayyana irin matan da za su kewaye mai naƙuda: waɗanda suka sha haihuwa, masu ƙaunarta, masu haƙuri, waɗanda za su riƙa lallashinta da magana mai daɗi, su hana ta yunƙuri in ciwo bai taso ba. Bayan haihuwa a shafa mata mai a ciki, a ɗaure shi da zane, a ba ta man shanu da citta da kunu mai ɗumi. Hutun yakan kai wajen kwana 40, kamar dai jegonmu. Abin lura shi ne, marubucin ya lissafa halin matan nan tare da magunguna, kamar shi ma halin magani ne.

To, wannan a littafi ke nan. A ƙauye kuwa, wadda ta ɗauki nauyin aikin ita ce dayi, watau ungozomar gargajiya. A yankuna da yawa, musamman arewacin ƙasar, dayi takan fito daga ƙasƙantattun azuzuwan jama'a, waɗanda a da ake ƙyamar ko taɓa su. Dalili kuwa, an ɗauki jinin haihuwa da yankan cibiya da binne mabiyiya ƙazanta ne, ba aikin 'yar babban gida ba. Ladanta hatsi ne, ko tsohon zane, ko 'yan kuɗi, kuma sau da yawa ladan ɗa namiji ya fi na 'ya mace. Da Turawan mulkin mallaka suka zo, sai suka ɗora mata laifin mutuwar mata da jarirai. Aka kafa Asusun Dufferin a 1885 don samar wa mata likitoci mata, a 1927 kuma Ba'amurkiya Katherine Mayo ta fito da littafinta Mother India inda ta yi wa dayi kaca-kaca. Ba duk zargin ne ƙarya ba. Wuƙa marar tsabta tana kawo tsinkau-tsinkau, kuma in jini ya ɓalle ko ɗa ya gitta, dayi ba ta da abin yi.

Gwamnatin Indiya ta zaɓi asibiti. A 2005 ta fito da shirin Janani Suraksha Yojana, inda ake ba matar ƙauye rupi 1,400 a jihohin da suke baya idan ta haihu a asibiti. Haihuwar asibiti ta tashi daga kashi 39 cikin ɗari a 2005 zuwa 2006, ta kai kashi 89 a binciken 2019 zuwa 2021. Mutuwar mata wajen haihuwa ta sauka daga 254 cikin kowace haihuwa 100,000 a 2004 zuwa 2006, ta koma 97 a 2018 zuwa 2020. Duk mai begen zamanin da, sai ya tsaya a kan waɗannan lambobi tukuna, don rayukan iyaye mata ne. Amma an yi asarar wani abu a hanya. Matar da a da dangi ke kewaye da ita, sai ga ta kwance ita kaɗai a ɗakin da ma'aikaciya ɗaya ke duba mata da yawa. A asibitocin kuɗi kuwa, binciken nan na 2019 zuwa 2021 ya nuna kusan rabin haihuwa ta hanyar tiyata ake yi. Wannan gurbi ne dula ta zo cikewa.

Ita kalmar dula ta Girkanci ce, asalin ma'anarta baiwa. Wata masaniyar al'adu Ba'amurkiya, Dana Raphael, ita ta yayata ta a littafinta na 1973. A 1980 likitoci, cikinsu da John Kennell da Marshall Klaus, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Gwatamala. Matan da aka ajiye wa mace a gefensu sun haihu cikin wajen awa 9, waɗanda aka bari su kaɗai kuwa wajen awa 19. Matan gwajin kaɗan ne, amma a 2017 an tattara gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi mata fiye da 15,000, aka ga rakiya marar yankewa tana rage haihuwar tiyata da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Yanzu ga hujjar masu suka, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa akwai abubuwan da in aka saye su sun lalace. Abota ce misali. Wanda ka biya ya yi abota da kai ba abokinka ba ne, ma'aikacinka ne. Haka nan, in ji su, hannun da aka yi cinikinsa ba ɗaya yake da hannun uwa ko na inna ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, me ya kawo rasit a ciki?

Ni ban yarda da su ba, saboda dalilai biyu. Na farko, matan da aka ajiye a gwajin Gwatamala baƙi ne, masu naƙudar ba su taɓa ganinsu ba, amma jikin ya amsa. Har ma tattarawar 2017 ta nuna alamar cewa amfanin ya fi yawa idan mai rakiyar ba ma'aikaciyar asibitin ba ce kuma ba dangi ba. Ina ganin dalilin a fili yake. Uwa tana tsoro tare da 'yarta, ma'aikaciya kuma hankalinta ya rabu gida goma. Abin da mai naƙuda take bukata shi ne mutum mai natsuwa wanda ba zai tashi ba. Abota ana nemanta don kanta, shi ya sa kuɗi ke ɓata ta. Rakiyar naƙuda kuwa aiki ne mai buƙatar gwaninta da juriya na awa goma ko ashirin. Muna biyan malami, ba mu ce iliminsa ya zama jabu ba.

Dalili na biyu ya fi ci mini rai. Masu cewa a da kyauta ake yi, sun manta wadda ta biya. Dayi ce ta biya, da mutuncinta. Ta kwana a tsugune, ta wanke jini, aka miƙa mata hatsi daga nesa don kada hannu ya taɓa hannu. Yanzu ga aikin nan dai, an sa masa sunan Girkanci, an ba da takardar shaida, mai jin Ingilishi tana yi ana girmama ta. In akwai abin kunya a wannan labari, a wurina ba ya cikin biyan dula. Yana cikin cewa aikin bai sami daraja ba sai da ya bar hannun matalauciya.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai wani ciniki da ya fi wannan haɗari. Sunan gargajiya yana sayar da kaya, musamman tun da Indiya ta kafa ma'aikata sukutum ta magungunan gargajiya a 2014. Tausa da man riɗi da hutu da abinci mai ɗumi abu ɗaya ne, ƙwayar da za a haɗiya kuma wani abu ne dabam. A 2004 Robert Saper da abokan aikinsa sun gwada magungunan Ayurbeda 70 da suka saya a shagunan Boston, suka sami dalma ko zaiba ko gubar arsanik a cikin 14. Dalma kuwa tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Mu ma mun san irin wannan a gida, tun da likitoci a Zariya cikin shekarun 1970 suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Dular da ta san iyakarta tana cika aikinta. Wadda ta fara hana mace zuwa asibiti da sunan hikimar magabata ta shiga gonar da ba tata ba.

Saura abu ɗaya da masu suka suka yi gaskiya a kansa, ko da yake ba ta nan suka ɓullo ba. Duk abin da ya shiga kasuwa, mai kuɗi ke fara samu. In rakiya tana rage tiyata, to ba ado ba ce, tana cikin magani, kuma bai kamata matar Bihar ta rasa abin da matar Mumbai ta saya ba. A 2016 ma'aikatar lafiya ta Indiya ta yarda mace ta shiga ɗakin haihuwa na asibitin gwamnati da 'yar rakiya, aka so ta zama macen da ta taɓa haihuwa, kusan sharaɗin Charaka ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa rakiya cikin shawarwarinta na 2018. Sai dai izinin shiga ba albashi ba ne. Dattijuwar da za ta bar gonarta ta kwana a gefen gadon maƙwabciyarta tana da ciki ita ma, kuma ra'ayina shi ne gwamnatin da ta iya biyan rupi 1,400 don a zo asibiti, ta iya biyan tsofaffin dayi, bayan an horar da su, su zauna a ɗakin da aka kore su daga cikinsa.